Ga masu shirin zuwa Gidan Mambayya

Jama'a, wanda zai kai yara gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, ya je ranar aiki da hantsi. Gidan yana hannun Jami'ar Bayero ne, don haka a fara gaisawa da ma'aikata, a nemi mai zagayawa da ku, a kuma tambaya kafin ɗaukar hoto.

Kada ku yi saurin wuce ɗakin Malam. Ku bar yara su ƙare wa gadonsa da littattafansa kallo. Ni kam ƙanƙantar ɗakin ce ta tsaya min a rai. Kabarinsa na cikin gidan, tun rasuwarsa a 1983, sai a rage hayaniya a yi masa addu'a. In ana taro a zauren Sa'adu Zungur, wurin ajiye mota kan yi wuya, gara a hau adaidaita.