Yadda ɗan mishan na Mormon zai tafiyar da ranarsa a ƙasar waje

In cocin Mormon (wata ɗariƙar Kirista da ta samo asali a Amurka) ta tura ka wa'azi, shekara 2 za ka yi, mata kuma wata 18. Ka saba da tashi 6:30 na safe tun kana gida, daga nan addu'a, motsa jiki, karatun littattafan addini da na yaren garin, sannan ka sa farar shat da nektai ka maƙala baƙin bajon sunanka a ƙirji ku fita kai da abokin aikin da aka haɗa ku.

Abokin aikinka fa shi ne babban lamari, ba a yarda ku rabu ba ko kasuwa za ku je, to ka koyi haƙuri da shi don gaskiya in ba ku jitu ba aikin zai maka nauyi sosai. Shayi da kofi kam an hana sha. Ranar hutun mako ka yi wanki, ka kira gida.