Yadda ake auna RAM da diski kafin kafa sabar manhajoji

Duk mai kula da kwamfutocin makaranta ko shagon intanet a Nima ko Sabon Zongo ya san yadda data ke ƙonewa idan na'ura ashirin suka sauko da sabuntawa iri ɗaya. Maganin shi ne saba guda a gida, wato kwamfutar da za ta sauko da sabuntawar sau ɗaya ta raba wa sauran. Amma kafin ka sayi diski, ka tsai da shawara: madubi kake so ko ma'ajiyar wucin gadi?

Madubi yana kwafo rumbun manhajojin da ke intanet gaba ɗaya. Na Ubuntu cikakke ya haura tera ɗaya, kuma galibin abin da ke ciki babu mai taɓa shi. Don haka ga yawancinmu apt-cacher-ng, manhajar ma'ajiyar wucin gadi, ya fi dacewa. Yana aiki a tashar 3142, yana adana abin da aka nema kawai cikin /var/cache/apt-cacher-ng. RAM giga 2 da diski giga 100 sun wadatar da ɗakin kwamfuta, sai dai kowane sigar Ubuntu da kuka ƙara na cin nasa wuri.

Katello da Pulp, manyan manhajojin sarrafa rumbu da aka gina Satellite na kamfanin Red Hat a kansu, kuwa wani lamari ne. Red Hat na neman aƙalla RAM giga 20, swap (sararin diski da ke tallafa wa RAM) giga 4, da giga 300 ga /var/lib/pulp a Satellite. Kada ka rage. Lokacin daidaita rumbu RAM na iya cika, kanel (zuciyar Linux) ya kashe aikin a tsakiya.

Abin da ya fi karya saba shi ne haɗa ma'ajiya da / (tushen fayilolin tsarin) a ɓangaren diski ɗaya. Diski ya cika, log ya kasa rubutuwa, bayanai su lalace. Ware wa ma'ajiyar ɓangarenta a LVM, tsarin rarraba diski na Linux, ka bar sarari da ba ka rarraba ba, ranar buƙata sai ka faɗaɗa da lvextend -r. A tsarin fayil na ext4, kashi 5 cikin ɗari na sararin a keɓe yake don root, asusun mai kula da na'ura. A diskin ma'ajiya tune2fs -m 1 zai dawo maka da kashi 4 daga ciki. Ka riƙa duba df -h da df -i, domin inode, wato guraben rajistar fayiloli, na iya ƙarewa alhali sarari na nan. Ka sa faɗakarwa ta tashi idan diski ya cika kashi 80.

PostgreSQL, ma'adanar bayanan da Katello da Pulp ke amfani da ita, a diskin SSD mai sauri, fakitocin manhajoji a HDD.

Sai dumsor. Wuta ta ɗauke ana tsaka da rubutu, a samu fayil rabi, gobe apt, mai kafa manhajoji a Ubuntu, ya ce Hash Sum mismatch. Sa UPS da zai kashe sabar a natse, ka gwada shi ta zare filogi kafin kamfanin wutar lantarki na ECG ya gwada maka.