Sukarin da ke ɓoye a shayi da gahawa: kurakuran da aka fi yi

Mafi yawan mutane cokalin da suka zuba da hannunsu kawai suke ƙirgawa, alhali sukarin da ya fi yawa ya riga cokalin shiga kofi. Cokalin shayi ɗaya giram 4 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kusan cokali 12 ga baligi, kuma rage shi zuwa cokali 6 ya fi kyau.

Babban kuskure a shagon gahawa shi ne ɗaukar sirop a matsayin ƙamshi kawai. Sirop ɗin banila ko karamel narkakken sukari ne. Kowane matsi ɗaya na famfon kwalbar yakan zubo kusan giram 5 na sukari, babban kofi kuwa yakan sha matsi huɗu: cokali 5 ke nan tun ba a ɗora kirim a sama ba. Ɗacin gahawa yana danne zaƙin, shi ya sa harshe ba ya faɗa maka gaskiya. A 2016 ƙungiyar Action on Sugar ta Birtaniya ta samu abin sha mai zafi da ke ɗauke da cokali 25 a kofi guda. Ka nemi ƙaramin kofi da matsi ɗaya, ka ce a bar kirim.

A gida, madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi ce ke yi wa mutane ɓarna. Fiye da rabinta sukari ne, sukarin da ke cikin babban cokali ɗaya ya kai giram 10. Wanda ya zuba ta, ya kuma ƙara sukari, ya zuba sukari sau biyu ke nan. Madara marar zaƙi ita ce gyara. Sukarin da ke cikinta na asali ba ya cikin lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Haka ƙunshin gahawa mai haɗi uku (gahawa, madara da sukari) da garin cakuleti. Juya bayan leda ka karanta: ana jera sinadarai ne daga mafi nauyi, in sukari ko sirop ɗin gulukos ne a farko, to shi ka saya.

Komawa zuma ba mafita ba ce, kusan kashi 80 nata sukari ne.

Kada kuma ka yanke gaba ɗaya rana ɗaya, shayin zai yi maka lami ka koma gidan jiya. Rage rabin cokali duk mako, ka auna a shafe ba a tule ba, ka jefa ɗan kirfa don ƙamshi.