Babi na Shida: Kiwon Saniyar Tatsa a Gida

Makiyaya suna cewa nagge daɗi goma. Manomin da ya turke saniya ɗaya a bayan gida zai sha wannan daɗin: yara su sha nono, uwargida ta samu na cefane, gona ta samu taki. Sai dai saniyar turke ba ta zuwa daji ta nemo wa kanta abinci kamar ta garke. Abin da aka kai gabanta shi za ta ci, abin da ta ci kuma shi za a gani a ƙwarya. Saboda haka tun kafin ku tafi kasuwa, ku tambayi kanku: me za ta ci a watan Afrilu?

Zaɓen saniya

Wadda aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce Bunaji, fara mai baƙin hanci da dogayen ƙaho. Akwai Bokoloji ta wajen Sakkwato mai guntayen ƙaho da sanyin hali. A Nijar kuma Azawak ce ta yi suna wajen nono, har da tashar kiwonta a Tukunus kusa da Filinge. Bunajin da ake kiwo yadda aka saba tana ba da lita 1 zuwa 2 a rana, ban da abin da maraƙi ya sha. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana barbarar Bunaji da shanun Turai masu baƙi da fari. 'Ya'yan da ake samu suna ninka wannan nono sau da yawa, amma ba su jure zafi da kaska da yunwa kamar namu. Wanda bai taɓa kiwo ba, gara ya fara da ta gida.

Ko a Wudil za ku saya, ko Maigatari, ko Potiskum, ku tafi da wanda ya san dabba, kada ku dogara da bakin dillali kaɗai. A buɗe bakinta. Saniya tana da haƙoran gaba 8 a ƙasa, sama kuwa dasashi ne. Idan duka takwas ɗin manya ne, ta kai wajen shekara 5. Idan sun zama guntaye da giɓi a tsakaninsu, tsohuwa ce. A shafa hantsa, a matsa kan nono huɗun ɗaya bayan ɗaya, domin akwai wadda ɗaya ya mutu. Mai haihuwa ta biyu ko ta uku, tare da maraƙinta, ita ta fi dacewa.

Tatsar safe

Shanunmu ba su sakin nono sai sun ga ɗansu. Shi ya sa ake raba su da dare, da safe a kwance maraƙi ya ruga gun uwa. A bar shi ya tsotsa kaɗan yana tunkuyin hantsa. Da kun ga kumfa a bakinsa, kan nonon kuma ya cika ya yi tauri, to nono ya sauko. Sai a janye shi a ɗaure kusa da kanta inda za ta riƙa lasarsa, a dabaibaye ƙafafunta na baya.

Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu, ya goge hantsa da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, ya tsane ta. Tsirtuwar farko daga kowane kan nono kada ta shiga ƙwarya. A tsirta a bayan baƙin kwano a duba. Idan an ga gudaji-gudaji, ko ruwa-ruwa, ko jini, ciwon hantsa ya fara, musamman in wajen ya yi zafi kuma tana harbi in an taɓa. Wannan nonon ba na sha ba ne. A tatse shi daban daga ƙarshe a zubar, a nemi malamin dabbobi.

Saukar nono ba ta daɗewa, 'yan mintoci ne, don haka ba a tsayawa hira a tsakiyar tatsa. Tsawa da duka da haushin kare suna sa ta riƙe nononta. Ta fi son hannu ɗaya da lokaci ɗaya kullum. Wasu suna tsoma yatsa a ƙwarya su shafa wa kan nono don ya yi santsi. A daina, datti ake wankewa cikin abin da yara za su sha.

A bar wa maraƙi kan nono ɗaya cikakke, a riƙa sauya wanda ake bar masa. Kwaɗayin ƙwarya ya kashe maruƙa da yawa, kuma in maraƙi ya mutu, sau da yawa nonon uwar ma ya tafi ke nan.

Ci da sha

Nan ne aikin yake. Saniya mai nauyin kilo 300 tana bukatar kamar kilo 8 na busasshen abinci kowace rana. Da damina abin da sauƙi, yara su yanko ciyawa safe da yamma. Amma daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu wata 7 ne, wato kwana 210 ko sama da haka. Ku ninka 210 sau 8, za ku samu kilo 1,680. Wannan tulin abinci ba a bazara ake nemansa ba, lokacin da damin harawa ya yi tsadar da sai mai kiwon ragon layya. Da kaka ake tara shi.

Harawar wake da ta gyaɗa su ne kan gaba. Amfaninsu a ganye yake, saboda haka a tuge su tun ganyen yana kore bai kakkaɓe ba, a shanya su sha iska, a ɗaure dami-dami a ɗora kan rumfa ko soro inda gara da awaki ba za su kai ba. Harawar da ta kwana biyu a gona rana tana dukanta, igiya ce kawai ta rage. Karan dawa da na masara ma a sare su da an cire amfanin, a jingine su tsaye. In za a ba ta, a daddatsa da adda kamar tsawon yatsa, a yayyafa ruwan gishiri. Idan aka jefa mata kara sukutum, ganyen za ta zage ta tattake sauran. A tara ƙowar wake, a tsinto 'ya'yan gawo, a yanki gamba tun ba ta tsufa ba a busar.

Kara yana cika ciki ne, ba ya kawo nono. Abin da ke kawo nono shi ne dusa da angurya da tunkuza. Ma'aunin da malaman dabbobi suke bayarwa shi ne kilo 1 na irin wannan haɗin ga kowace lita 2 zuwa 3 da take bayarwa. A raba biyu, safe da yamma, a ba ta lokacin tatsa don ta natsu. Za ku ji mutum ya ce, ni da zan sayi dusa da kuɗina in ba dabba? To, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku gwada na mako biyu kuna auna nonon, lissafi zai raba gardama. Dusar da ta yi funfuna dai a zubar, tana cutar da saniyar da masu shan nononta. Kanwa ko gishirin lasa kada su yanke a turke.

Akwai dabarar jiƙa kara da ruwan takin yuriya a rufe na mako 3 don ya ƙara amfani. Tana aiki, amma kada ku yi sai tare da malamin gona, domin yuriya tsurarta guba ce ga dabba.

Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Da bazara saniyar tatsa tana iya shanye lita 50, jarka biyu ke nan, wani lokaci fiye. Wadda ake shayarwa sau ɗaya a rana ba za ta cika ƙwarya ba ko da me aka ba ta. A yi mata rumfa, ko a kafa turken a inuwar bishiya.

Abu biyu suna kashe saniya cikin gida. Na farko gyauron dawa, wato tohon da ke fitowa bayan an sare kara, yana da dafi mai kashewa nan take. Na biyu leda. Saniya tana haɗiye ta, ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta rama ana cewa sammu ne, sai ranar da mahauci ya farke cikin. A sa yara su tsince ledar tsakar gida kullum.

Taki kuwa a kwashe kowace safiya a tara waje ɗaya, a rufe da ragowar kara. Makwanci ya bushe, ƙuda su ragu, da bazara a kai gona.

Barbara da haihuwa

Sai ta haihu take nono, don haka a lura da lokacin da take neman bijimi. Za ta riƙa kuka, ta kasa tsayawa waje ɗaya, ci ya ragu, farin ruwa mai yauƙi yana zuba daga bayanta. Abin ba ya wuce kwana ɗaya, in ya wuce sai bayan kamar kwana 21. A saniyar turke da ba ta da abokai, alamar tana da wuyar gani, sai mai sa ido.

A nan karatunku zai yi rana. Ku rubuta ranar da aka kai ta wajen bijimi. Cikin saniya wata 9 ne da kamar kwana 10. Wadda aka yi wa barbara ran 1 ga Janairu za ta haihu wajen 10 ga Oktoba. Wadda ta ɗauka a Satumba za ta haihu a Yuni, ta tarar da ɗanyar ciyawa, kuma wannan ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Idan saura wata 2 ta haihu, a daina tatsa ta huta.

Maraƙi yana fitowa da ƙafafun gaba biyu, hanci a kansu. Idan ta daɗe tana naƙuda ba a ga komai ba, ko aka ga ƙafa ɗaya, ko jela, a kira wanda ya iya, kada a taru a ja da ƙarfi. Da ya faɗo a share masa hanci, a sa aidin a cibiya, a bar uwar ta lashe shi. Ya sha dakashi cikin sa'o'in farko, shi ne garkuwarsa daga cuta. Mabiyiya takan faɗo da kanta. In ta wuce awa 12 a kira malami, kada a ɗaura mata dutse.

Lafiya

Lafiyayyar saniya hancinta da danshi, tana tuƙa in ta kwanta. Da ta daina tuƙa, da magana.

A kai ta allurar rigakafin ciwon huhu duk shekara in ma'aikata sun zo, a tambaye su ta harbin daji. Cibiyar Vom kusa da Jos tana yin waɗannan allurai. Tsofaffi suna tuna cutar bushiya da take share garke. Rigakafi ne ya kawar da ita, har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. A cire kaska, a ba da maganin tsutsar ciki farkon damina da ƙarshenta. Mazauna kusa da fadama su kula da ciwon hanta, na kusa da kurmi kuma da sammore da ƙudan tsando ke kawowa.

Idan saniya ta yi ɓari, kada a taɓa abin da ya fito da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne da zurfi. Cutar bakkale ce takan jawo haka, kuma tana kama mutum, ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Ita da tarin fuka suna bin ɗanyar madara, shi ya sa ake tace madara da farin ƙyalle a tafasa kafin kowa ya sha. In an yi mata allurar magani, ku karanta jikin kwalbar, an rubuta kwanakin da ba a shan nononta.

Nono da kuɗinsa

Madarar da aka tafasa, a bar ta ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, a zuba ludayi ɗaya na kindirmon jiya, a rufe da faifai ta kwana. In an kwashe maiƙon sama an kaɗa, ga man shanu, a soya shi don ya daɗe. Ƙwarya a wanke da ruwan zafi a kife a rana.

A ɗebi na yara tukuna, sannan na sayarwa. Ƙara ruwa a nono ha'inci ne, kuma a wuraren tattara madara, irin na Hamdallaye da Kollo kusa da Yamai, suna da ma'aunin da ke tona asiri. A gidaje da yawa kuɗin nono na uwargida ne, saniyar kuma ta maigida. Ku zauna tun farko ku yanke wanda zai sayi dusa, domin in kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido, saniyar ce za ta kwana da yunwa.

Aikin aji

Ku ja layi huɗu a littafinku, ku rubuta a kansu: Rana, Nonon safe, Nonon yamma, Kuɗin dusa. Mai saniya ya cika na mako ɗaya, marar ita ya tambayi maƙwabci.

Misali, saniya tana ba da lita 2 a rana. Yara suna shan lita 1, ana sayar da 1. Lita nawa aka sayar a kwana 30? Ku sa farashin garinku ku fitar da kuɗin, sannan ku cire na dusa.

An yi wa wata saniya barbara ran 15 ga Satumba. A wane wata za ta haihu, kuma yaushe za a daina tatsarta?

Mako mai zuwa kowa ya zo da adadin damin harawar da gonarsa ta bayar bara, mu auna dami ɗaya a sikeli mu ga kwana nawa za ta kai saniya ɗaya.