Kurakuran da sababbin masu aikin injin CNC ke ta maimaitawa

Duk yaron da aka kawo min koyon aikin injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, ko daga foliteknik ya fito ko a Panteka ya taso yana sassaƙa ƙarfe da injin hannu, kurakuransu kusan iri ɗaya ne, kuma na gaji da faɗa da baki, gara in rubuta su wuri guda. Injinan kam sun ci gaba sosai, daga wanda aka fara nunawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952 mai karanta umarni daga tef mai huda-huda, yau ga masu motsi ta fuska biyar, suna iya riƙe awo da bai kai kaurin gashin kai ba. Amma kayan da ake kawo mana su ma sun canza, ga taitaniyam, ga Inconel (wani haɗin ƙarfe mai jure zafi), ga sitenles, ga kabon faiba, kuma babu wanda a cikinsu yake yafe ganganci irin yadda ƙarfen gini yake yafewa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rage fid saboda tsoro, fid kuwa shi ne gudun da kota, wato abin da ke yankan ƙarfen, take kutsawa cikin aiki. Yaro zai ji ƙara ta ɗan canza, sai hannunsa ya tafi kan maɓallin rage gudu ya mayar da shi kashi 30 cikin 100, wai yana lallaɓa kota. Ba lallaɓawa kake ba ɗan'uwa, kashe ta kake. Sitenles 304 da 316 da Inconel 718 suna da wani hali, in bakin kota ya goga su bai yanka ba sai fatar wurin ta ƙara tauri, haƙori na gaba ya zo ya tarar da abin da ya fi na farko ƙarfi, shi ma ya goga, a haka har bakin ya mutu. Kamar aski ne da dakusasshiyar reza, ana ta shafawa gashi bai fita ba fata ce ke shan wahala. A taitaniyam kuma zafi ne matsalar, don Ti-6Al-4V ba ya watsa zafi, abin da yake iya ɗaukewa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na alminiyam 6061 ba, saboda haka zafin duk a bakin kota yake taruwa, kuma ɓarɓashi mai kauri ne kawai zai fita da wani abu daga ciki. Wannan abin ya taɓa cinye min ribar aiki gaba ɗaya, an kawo mana filanjin sitenles, wato faifan da ake haɗa bututu da shi, na fita sallah na bar wani yarona a kan inji, na dawo na tarar ɓarɓashin ya koma gari-gari, bakin kota ya yi baƙi ya ƙone, cikin ramin yana ƙyalli kamar an goge shi, sabuwar kota ma da muka sa ta kasa shiga wurin. Kotocin kabaid masu tsada suka tafi, ƙarfen mai aiki ya lalace na biya daga aljihuna.

Abin da nake yi yanzu, lissafi kafin a kunna komai. Juyin sandar inji shi ake ragewa a ƙarfe mai tauri, cin kowane haƙori kuwa a bar shi yadda kamfanin kotar ya rubuta. Misali kota mai milimita 10 a taitaniyam, in ka ɗauki gudun yanka na mita 50 a minti, juyi zai kama wajen 1,600 a minti, haƙora 4 kowanne yana cin milimita 0.05, fid ya zama milimita 320 a minti ke nan. In ka ga abin ya yi wa injinka nauyi to rage faɗin yankan ta gefe, ka yi amfani da salon yankan da ke zagayawa yana ɗiba kaɗan-kaɗan da zurfi, manhajojin Fusion 360 da Mastercam duk suna da shi. Wasu ogogi ba su yarda da ni a kan wannan ba sun fi son tsohon salo, ni dai shi ya rage min asarar kota. Kuma kar ka bar kota ta tsaya cak tana juyawa a cikin aiki, ko na daƙiƙa biyu ne.

Na biyu shi ne ofset, wato lambobin da ke gaya wa inji tsawon kota da inda aiki yake, kuma wallahi a nan nake rasa haƙuri. Ka canza kota ba ka sake auna tsawonta ba, ko ka kira G43, umarnin da ke ɗauko tsawon kota, da lambar H ta wata kotar daban, ko ka ɗaura sabon aiki kana kan G54 na aikin jiya, wato sifirin da inji ke fara awo daga kansa, sannan ka danna koren maɓallin farawa ka juya baya kana duba waya! Inji bai san akwai bais mai riƙe aiki a wurin ba, lambar da ka ba shi ita zai bi da gudun gaggawa na G00, kuma gyaran sandar inji in ta daku kuɗin ya fi albashinka na watanni, kayan gyaran ma sai an yi oda daga waje an zauna jira. Ni sabon furogiram ba ya taɓa ƙarfe sai na gudanar da shi a iska tukuna, sannan layi-layi, gudun gaggawa a kashi 25, yatsana a kan maɓallin tsayarwa, idona a kan sauran tazarar da allo ke nunawa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, in injinka mai buƙatar komawa gida ne, wato wurin da yake fara ƙirga motsinsa, ka mayar da shi, ka sake duba sifirinka kafin ka ci gaba.

Sai zafin gari, wanda kusan ba mai kulawa da shi. Awon da ke kan zane na digiri 20 ne, haka ƙa'idar duniya take. Alminiyam yana miƙewa wajen maikiron 23 a kowace mita a kowane digiri (maikiron dubu ne milimita ɗaya), to aiki mai tsawon rabin mita a shagon da ya kai digiri 40 a watan Afrilu ya ƙaru da kusan milimita 0.23, kai kuma an ba ka milimita 0.05 ka riƙe. Ka bar aiki ya huce kafin ka sa maikiromita ka auna, da safe kuma ka bar inji ya yi ɗumi na ɗan lokaci.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Kar ka zaro kota da tsawo ba dalili, in ka ninka tsawon da ta fito sau biyu lanƙwasarta sau 8 take ƙaruwa. Duba G20 na inci da G21 na milimita, furogiram ɗin da aka sauko da shi daga intanet sau da yawa da inci aka rubuta shi. Kota mai haƙora 4 da ka yi ƙarfe da ita kar ka kai ta kan alminiyam, liƙewa zai yi, nemi mai 2 ko 3. Ruwan sanyaya a auna haɗinsa, a daina ƙara ruwan rijiya da ido.

Kabon faiba kuwa dan Allah kar ku hura ƙurarsa da iska, tana ɗaukar lantarki, in ta shiga akwatin wutar inji za ta haɗa wayoyi, ga illa ga huhu, injin zuƙa ake sawa da takunkumi, kota kuma mai rufin daimon. Ɓarɓashin taitaniyam ma a riƙa kwashe shi kullum kar ya taru, in ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake, busasshen yashi ko abin kashe gobara na rukunin D ake ajiyewa kusa da injin.