Yadda ake ɗaura kyamara a hular kwano ko a jikin babur

Kafin ka sayi komai, ka fara sanin abin da kake so da kyamarar. Masu ɗaura ta iri biyu ne. Akwai mai neman shaida, wanda yake so in mota ta yanko masa hanya ya kasance yana da abin nunawa, ba a tsaya ana "ka ce, na ce" ba. Akwai kuma mai son ɗaukar tafiyarsa don ya kalla daga baya ko ya ɗora a YouTube. Mai neman shaida ya fi dacewa da kyamarar da ake haɗa wa babur dindindin, mai ido biyu, gaba da baya, wadda ke tashi da kanta da zarar an murɗa makulli. Na biyun kuwa ƙananan kyamarorin nan ne nasa, irin su GoPro da DJI Osmo Action da Insta360. Ɗaya na iya yin aikin ɗaya, amma saitinsu ya bambanta.

Mataki na farko: zaɓi wurin ɗaurawa

In hular kwanonka mai rufe fuska ce gaba ɗaya, haɓa ta fi ko'ina. Kyamarar tana tsakiya, nauyinta bai rinjayi gefe ɗaya ba, iska ba ta kama ta sosai, kuma abin da take ɗauka ya yi kusa da abin da idonka ke gani: hanya, madubai, hannayenka, da agogon gudu in ka ɗan sunkuya. Wuyanka kuma yana shanye yawancin jijjigar babur kafin ta kai ga kyamarar.

Saman hula yana ba da hange mai nisa, sai dai iska tana ture kan mutum baya, kuma reshen bishiya ko ƙaramar ƙofa na iya kama ta. Gefen hula ya fi sauƙin mannawa, amma hular kan rufe wani sashe na hoton. Kyamarar ba ta wuce giram 150 ko ɗan sama da haka ba, ka ce ba komai ba ne, amma yi awa biyu da ita a gefe ɗaya cikin iska ka ji abin da wuyanka zai gaya maka.

A jikin babur, kan babur ne wurin da kowa ke fara tunani, kuma nan ne jijjigar inji ta fi yawa. Hoton sai ya riƙa lanƙwasa yana rawa kamar ana kallo ta cikin ruwa. Maganinsa mariƙi gajere mai ƙarfi, da roba mai shanye jijjiga a tsakani. Dogon mariƙi ƙara rawar yake yi. Nan ne kuma zan ja kunnen masu cewa waya ma ta isa: a watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa jijjigar manyan babura na iya lalata na'urar da ke daidaita hoto a kyamarar iPhone. Babbar wayarka ba ta wannan aikin ba ce.

Duk inda ka zaɓa a jikin babur, ka juya kan zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu ka tabbatar babu abin da ke taɓa tanki, ko wayar birki, ko ta totur.

Mataki na biyu: mannawa

Kada ka huda hular kwano. Ko ƙaramin rami ne. Ɓawon waje aikinsa ya baza ƙarfin bugu, farin soson da ke ciki kuma ya murƙushe ya shanye shi. Rami da noti suna tara bugun wuri ɗaya, daidai kan ƙashin kanka. Abin da ake so shi ne mariƙin da zai ɓalle ya rabu da hular in an faɗi. Saboda haka ake amfani da faifan gam mai fuska biyu, irin 3M VHB da ke zuwa tare da yawancin kyamarori, ko maɗaurin haɓa mai igiya.

Fara da gwaji ba tare da cire takardar gam ba. Sa hular, hau babur a tsaye, zauna yadda kake zama in kana tuƙi, wani ya riƙe maka kyamarar a wurin kana duba hoton ta waya. Wannan zaman yana da muhimmanci, domin kan mai tuƙi a ɗan sunkuye yake. In ka saita ta kana tsaye a ɗaki, za ka dawo ka tarar tanki da kwalta kawai ka ɗauka. Ka kuma buɗe gilashin hular ka rufe, ka ga ko yana karo da ita, ka duba ko ta toshe kafar shan iska. Sannan ka yi alama.

Goge wurin da sinadarin goge rauni na alkohol, ka bar shi ya bushe. Kada ka yi amfani da fetur ko tina, suna iya cin robar hular. Zaɓi mariƙin da ya dace da siffar wurin, mai lanƙwasa ga wuri mai lanƙwasa, don kada a bar rata a ƙarƙashi. In akwai sanyi, ɗan ɗumama gam ɗin da na'urar busar da gashi. Danna da ƙarfi kamar na rabin minti, sai ka ajiye hular awa 24 ba ka rataya mata komai ba. Gam ɗin a hankali yake kamawa. Wannan jiran shi ne abin da ɗokin sabon kaya ke hana mutane, ni ma ya taɓa hana ni: na manna da safe, na fita da rana, ban san inda kyamarar ta faɗi ba sai da na tsaya na shafa haɓa na ji wayam.

Tun daga ranar nake ƙara 'yar siririyar igiya daga kyamarar zuwa wani faifan gam na daban. Gajeruwa, kuma wadda za ta tsinke in an fizge ta da ƙarfi. A jikin babur, ka tabbatar ko kyamarar ta faɗi igiyar ba za ta kai ta ga taya ko sarƙa ba.

Mataki na uku: kati da saiti

Katin ajiya ya zama mai alamar V30 ko U3, wato ba ya kasa rubuta megabayit 30 a daƙiƙa. Kati mai nawa shi ke sa kyamara ta tsaya da ɗauka ba ka sani ba. Yi lissafin wuri ma: bidiyon 4K mai cin megabit 100 a daƙiƙa yana cinye gigabayit 45 a awa ɗaya, don haka kati mai 64 ba zai kai ka awa ɗaya da rabi ba. Ka riƙa share katin daga cikin kyamarar kanta, ba daga kwamfuta ba.

Mai neman shaida ya kunna tsarin da kyamara ke goge tsohon bidiyo ta ɗora sabo in kati ya cika, ya saita kwanan wata da lokaci daidai. Bidiyon da ke nuna ranar da ba ita ba ya ba wa abokin gardama abin kamawa. Da rana saitin bidiyo mai ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa ya fi kama lambar mota mai wucewa. Da dare ka sauko zuwa 30, don kowane hoto ya samu isasshen haske. Ko da haka, kada ka dogara da kyamara wajen karanta lamba cikin duhu. In abu ya faru, karanta lambar da bakinka da ƙarfi, makirfo zai ɗauka.

Faɗin hoto kuma, matsakaici ya fi. Mafi faɗin yana sa mota ta kusa ta zama kamar tana nesa, gefen hanya kuma ya riƙa wucewa fiu, kamar gudu kake zubawa alhali ba haka ba ne.

Mataki na huɗu: iska da caji

Da gudu ya ɗan ƙaru, iska kawai makirfo ke ji. Rufe shi da soso, ko ka sa ƙaramin makirfo a cikin hular, a bayan matashin kunci. Batir kuwa da wuya ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. A doguwar tafiya ka ja waya daga batirin ajiya da ke aljihun riga, wayar ta kasance mai zarewa da sauƙi, ka kuma tuna cewa buɗe murfin caji na buɗe wa ruwan sama ƙofa.

Mataki na biyar: a kan hanya

Kunna, ka ji ƙarar da ke nuna ta fara, ka goge gilashinta, sannan ka sa giya. Daga nan hannunka ya bar ta. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyu na laluben maɓalli sun haura mita 33 da hannu ɗaya a kan babur. In kana shakkar ko tana ɗauka, ka faka ka duba. Akwai kuma wata cuta da kyamara ke sa wa matuƙi, ta jin kamar ana kallonsa, sai ya kwanta a kwana fiye da yadda ya saba. Ka lura da kanka a makon farko.

Fitar farko ta zama ta minti goma, ka dawo ka kalla a babban allo, ka gyara kusurwa, ka ƙara ɗaure notin mariƙin.

In hatsari ya faru, bayan an duba lafiyar kowa, tsayar da ɗauka ka kulle bidiyon ko ka zare katin, kada sabo ya hau kansa. Kwafi asalin ka ajiye ba tare da ka yanke komai ba. Ka sani kuma cewa kyamara ba ta da ɓangare: gudunka da jar fitilar da ka tsallake duk suna ciki.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a kan manna abu a hula da kuma ɗaukar mutane, don haka ka bincika ta inda kake tuƙi. A Jamus, alal misali, babbar kotun tarayya ta yanke a 2018 cewa ana iya karɓar irin wannan bidiyo a matsayin shaida a shari'ar hatsari, duk da cewa ɗaukar hanya ba ƙaƙƙautawa ba tare da dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane. In za ka ɗora a intanet, dusashe fuskokin mutane da lambobin motoci, ka kuma yanke farkon bidiyon da ƙarshensa, inda ƙofar gidanka ke fitowa.