Yadda Za Ka Halarci Bikin Ranar Ma'aikata a Ƙasar Waje

Mu a Gombe mun san tsarin 1 ga Mayu: a hallara a filin wasa na Pantami, kowace ƙungiya da ankonta, a yi fareti, shugabannin ƙwadago su karanta koke-kokensu. Idan fatauci ko karatu ya kai ka waje a wannan lokaci, ina ba ka shawara ka je ka ga nasu.

Fara da tabbatar da ranar. Asalin bikin daga Chicago ne, daga yajin aikin 1886 na neman a tsayar da aiki kan awa takwas, amma ita Amurka sai Litinin ɗin farko ta Satumba take nata. Masar, Turkiyya, Faransa, Jamus da Sin duk suna hutu ran 1 ga Mayu. A Sin hutun kan kai kwana biyar, jiragen ƙasa su cika maƙil, saboda haka mai zuwa sarin kaya Guangzhou ya kammala da masana'anta kafin ƙarshen Afrilu.

Daga nan sai ka binciki inda hukuma ta amince a taru, kuma nan ne nake so 'yan'uwa masu zuwa Istanbul su natsu. Dandalin Taksim yana da tarihi mai ɗaci: a bikin 1977 an buɗe wuta a wurin, mutum sama da 30 suka rasu. Tun 2013 hukuma ke hana taron a can, ana rufe hanyoyi da tashoshin jirgin da ke kewaye, ana kuma kama masu yunƙurin shiga. Tambayi ma'aikacin masaukinka tun ana gobe, shi zai gaya maka inda aka ware wa ƙungiyoyi a shekarar da hanyar da za ta kai ka.

Ran bikin ka fita da sassafe, da takalmin da za ka iya doguwar tafiya da shi, da ruwan sha da fasfo ɗinka a aljihun ciki. Ka san masallacin da za ka yi Azahar kafin hanya ta toshe. Tsaya a gefe, kusa da iyalai da dattawa. Kada ka karɓi allo ko tutar da ba ka iya karanta abin da ke jikinta ba, kada kuma ka ɗauki 'yan sanda hoto. Baƙo ne kai, bizarka na iya tafiya a kan haka.

In a Faransa kake, za ka ga ana sayar da wani ɗan farin fure mai ƙamshi da suke kira muguet, ana kyautarsa ga masoya da maƙwabta. Saya wa mai masaukinka.

Da an gama jawabai, kama hanyar gida tun jama'a ba su watse ba, domin hatsaniya, in za a yi ta, galibi da yamma take tashi.